Hayaƙin Da Muka Ɗauka Turare Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin shagon mai gyaran rediyo ya san ƙamshin nan. Da zarar an ɗora bakin ƙarfen liƙi, wanda mu a sana'a muke kira ayon, a kan zaren dalma, sai wani siririn farin hayaƙi ya tashi yana lanƙwasa kamar na turaren tsinke. Abin mamaki kuma, duk inda mutum ya kau da kansa, hayaƙin nan sai ya nemo hancinsa. Mun yi shekara ashirin da huɗu muna shaƙarsa safe da yamma, kuma idan za mu faɗi gaskiya tsakaninmu da Allah, son ƙamshinsa muke yi. Ranar da ba mu ji shi ba, to ranar ba a yi ciniki ba ke nan.

Mu biyu ne, wa da ƙane, kuma a shekarar 1994 mahaifinmu ya kama hannunmu ya kai mu wurin wani mai gyaran rediyo a Unguwar Mu'azu, can kusa da hanyar baifas ta Nnamdi Azikiwe, ya ce ga amana nan. Shagon ɗan ƙuƙut ne, ƙofa ɗaya, babu taga, an jibge rediyoyi da rakodoji tun daga ƙasa har rufi. A wancan zamani masaƙun Kakuri na aiki dare da rana, saboda haka ƙarshen wata shagon kan cika da ma'aikata, kowa da rediyonsa a hammata, wannan yana son a gyara masa kafin Jakar Magori ta Rediyon Kaduna, wancan yana cewa shi dai kada a sa ya rasa BBC ta safe. Idan akwai wuta mu jona ayon na lantarki. Idan an ɗauke, sai a kunna risho a ɗora wani ayon na jan ƙarfe a kan harshen wutar, ya yi zafi a ɗauko a liƙa, a mayar. Wato hayaƙin kananzir a gefe guda, na dalma a gefe guda, mu uku a tsakiya.

Maigidanmu mutumin kirki ne, mai haƙuri, kuma gwani. Kunnensa kaɗai yakan kara a jikin rediyo ya gaya maka inda cutar take. Amma tun ranar da muka fara saninsa yana tari. Tari ne busasshe, wanda yakan tsananta da la'asar, har wani lokaci sai ya ajiye ayon ya fita waje ya dafa bango, ƙirjinsa na kuka kamar an matse 'yar kyanwa. Maganinsa ɗaya ne: ya aiki ɗayanmu wurin mai shayi a sayo masa madarar gwangwani, ya huda ta da sukundireba ya ɗaga kai ya shanye. Yakan ce madara na wanke hayaƙi. Masu walda na layinmu ma haka suke yi, masu fentin mota ma haka, don haka ba mu taɓa tunanin tambayar yadda abin da ya bi ta maƙogwaro zuwa ciki zai je ya wanke abin da ya shiga huhu ba. Da damina mu ce sanyi ne, da hunturu mu ce ƙura ce, da bazara kuwa mu ce ai zafi ne ya yi yawa. Akwai abu guda da muka lura da shi amma ba mu ba shi ma'ana ba: duk sa'ad da ya tafi ƙauyensu can wajen Giwa ya yi mako biyu, yakan dawo garau, fuska ta cika, murya ta washe. Kwana uku a shago, tari ya dawo. Mu kuma sai mu ce ai iskar ƙauye daban ce.

A 2003 ya sallame mu da albarka, muka kama namu shagon a unguwar. Bayan shekara biyu shi kuma ya tattara ya koma gida gaba ɗaya, domin numfashi ya fara gagararsa. A lokacin sana'ar ma ta juya. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, rediyo ya fara ja da baya, muka koma gyaran waya kamar sauran jama'a. Kayan cikin waya kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, wasu ma ba su kai ba, saboda haka dole mutum ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa fanel. Aka kuma ƙara mana da injin hura iska mai zafi, da wani man liƙi da ake lakatowa a shafa kafin a gasa. Hayaƙin da a da yake tashi nesa da mu da kamu biyu, yanzu ya dawo ƙarƙashin hanci.

Tsoro na farko da ya taɓa shigarmu game da kayan aikinmu ya zo ne a 2010, daga Zamfara. Mai karatu zai iya tuna abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka ji na Bagega. Mutane suna haƙo dutsen zinariya su kawo cikin gida a daka a niƙa, ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta shiga ƙasa da abinci, yara masu rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF da wasu suka shigo aka yi ta kwashe ƙasar gidaje ana ba da magani. Muna sauraron labarin a cikin shago, a rediyon da muka gama gyarawa, sai muka dubi naɗin dalmar da ke kan teburi, muka dubi juna. Daga ranar muka yanke hukunci cewa farin hayaƙin nan dalma ce ke tashi sama. Muka sayo takunkumin ƙyalle muka ɗaura, muka yi kwana huɗu da shi, zafi ya ishe mu muka jefar. Muka koma kan madara.

Wanda ya warware mana wannan kuskure wani malami ne da ke koyar da aikin lantarki a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan, wanda yakan kawo mana wayarsa. Wata rana ya tarar da babbanmu riƙe da zaren dalma a haƙori, hannu ɗaya da ayon, ɗaya da ɗan hantsaki, kamar yadda kowane mai gyara yake yi idan hannu biyu sun kasa. Ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Malam, kana tsoron hayaƙi saboda dalma, ga dalmar kuma ka sa a baki?"

Ya zauna a benci ya yi mana karatu. Ya ce zaren da muke kira lid gami ne na ƙarfe biyu, kuza kashi 60 cikin ɗari, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos, da dalma kashi 40. Kuza ita kaɗai sai zafi ya kai digiri 232 take narkewa, dalma kuma 327, amma idan aka haɗa su sai su fara narkewa tun a 183. Bakin ayon ɗinmu yana tsakanin 300 da 400. Kafin dalma ta tafasa kuwa sai an wuce digiri 1,700. Saboda haka abin da ke tashi daga ayon kusan dukkansa wani abu ne daban. Ya karɓi zaren ya datse da fulaya, ya nuna mana cikinsa: ashe kamar kara yake, akwai ɗan rami a tsakiya cike da wani abu ruwan zuma. Ya ce wannan ƙaro ne, na bishiyar fayin, irin wadda aka dasa a gandun daji na Afaka, kuma aikinsa shi ne ya cinye tsatsar da ke kan ƙarfe domin dalma ta kama. Dangin ƙaron nan ne masu goge suke gogawa a jikin izga don ta yi kuka mai daɗi. A hannun mai goge ba kasafai yake cutarwa ba. Amma idan aka ƙona shi a bakin ayon, hayaƙinsa yana sa idanu yaji, ya toshe hanci, kuma wasu mutane idan suka daɗe suna shaƙa jikinsu yakan ƙi shi, ya zame musu asma. Ya ce tun a ƙarshen shekarun 1970 likitoci a Ingila suka tabbatar da haka a kan ma'aikatan kamfanonin haɗa kayan lantarki. Dalma kuwa hanyarta ta hannu ce: ta manne a yatsu, a ci goro da ita, a ci rogo da ƙuli da ita, a je gida a ɗauki yaro da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da aka sani mara illa, musamman ga yara.

Muka ce to ai mun ji an fito da lid mara dalma. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, tun Yulin 2006 Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarki da ake sayarwa a can, shi ya sa fanel ɗin wayoyin yanzu yake da taurin narkewa. Sai dai wannan sabon gami sai ya kai wajen digiri 217 yake narkewa, wato dole a ƙara wuta, ƙaron kuma yana nan, ƙarin wuta kuwa ƙarin hayaƙi ne.

Mun yi masa godiya, mun daina sa zare a baki na ɗan lokaci, daga nan muka ci gaba da harkarmu. Ba za mu ɓoye wannan ba, domin shi ne abin da ya fi damunmu idan muka tuna. Mun sani, an gaya mana dalla-dalla, amma da yake mu biyun Allah ya ba mu ƙirji mai juriya, sai karatun ya zama labarin da muke ba abokan hira da daddare don a ce mun san abubuwa.

A farkon 2018 yayarmu ta kawo mana ɗanta, yaro ɗan shekara goma sha shida, ta ce ga amana nan, kalmar da mahaifinmu ya faɗa a kanmu. Yaron yana da hannu. Cikin wata shida ya iya cire abin caji ya mayar da sabo ba tare da ya ƙona na kusa da shi ba, aikin da wasu sukan shekara ba su iya ba. Da yake shi ne ƙarami, shi ne a lungun ciki, nesa da ƙofa, inda mu ma muka zauna a zamaninmu. Wajen watan tara da zuwansa ya fara atishawa da yawa, hanci na zuba. Muka ce mura ce. Sai tari. Muka ce hunturu ya kusa. Har ɗayanmu ya aika aka sayo masa madarar gwangwani, Allah ya yafe mana. Wata Asabar da asuba sai ga yayarmu a ƙofar gida, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Ku zo ku ga abin da kuka yi mini da yaro." Mun tarar da shi zaune a bakin katifa, ya dafa gwiwoyi, kafaɗu na hawa da sauka, ƙirjinsa na wannan kukan da muka sani tun 1994.

A asibiti aka sa masa abin shaƙa har numfashi ya daidaita, aka yi gwajin majina aka ce ba tarin fuka ba ne. Likitar, wata mace mai natsuwa, ta tambaye shi aikin da yake yi. Da ya faɗa sai ta ce, "Ranar da ba ka je shago ba, yaya kake ji?" Ya ce ranar Juma'a da ba ma buɗewa sai bayan masallaci yakan ji sauƙi, kuma lokacin Babbar Sallah da ya yi mako a gida ko tari ɗaya bai yi ba. Ta juyo ta dube mu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce abu biyu ne, ko yaron ya bar hayaƙin, ko hayaƙin ya bar yaron, kuma na farkon ya fi tabbas. A hanyar dawowa yayarmu ta ce ya gama gyaran waya har abada. Yaron kuwa ya yi shiru har muka iso gida, sannan ya ce, "Kawu, ni fa ina son aikin nan."

Akwai injin zuƙe hayaƙi na kamfani, mun gan shi a hoto, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin shago irin namu. Saboda haka muka ce mu da muke gyara abin da Bature da ɗan Sin suka ƙera, ai ba za mu kasa haɗa fanka da bututu ba.

Dabararmu ta farko ita ce ta kowa: muka ɗauko fankar teburi muka saita ta tana hura wurin aiki. Hayaƙi ya bar hanci, gaskiya ne. Amma iskar ta riƙa sanyaya bakin ayon, dalma ta ƙi kwanciya, kuma a rana ta biyu ta kwashe wasu 'yan ƙananan kaya da muka cire daga wayar wani ɗan kasuwa ta watsar a ƙasa, muka yi awa guda muna rarrafe da tocila. Bugu da ƙari hayaƙin bai je ko'ina ba, zagaye ɗakin kawai yake yi ya dawo.

Ta biyu ta fi ban dariya. Mun ji cewa gawayi ake sawa a irin waɗannan injuna, sai muka samo fankar tsohuwar kwamfuta, mai faɗin santimita 12, wadda ke aiki da bolt 12, muka ɗaure ta a bakin kwalin taliya, muka daka gawayin girki muka ƙulla a tsohon gidan sauro muka cusa a baya. Da muka jona batir, sai baƙar ƙura ta turnuƙe shagon, telan da ke maƙwabtaka da mu ya fito yana salati da farin yadin mutane a hannu. Da muka ba malamin nan labari sai da ya yi dariya har da hawaye. Ya ce gawayin da ake nufi daban ne. Ana yin sa da ɓawon kwakwa ko itace, a gasa shi da tururi a zafi mai tsanani har jikinsa ya zama ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ta yadda giram ɗaya idan da za a shimfiɗa cikinsa zai wuce murabba'in mita 500. A waɗannan ƙofofi ne wari da iskar guba suke maƙalewa. Irinsa ne ake sawa a matatar ruwan sha da ta tankin kifin ado. Amma ya ja mana kunne: soson gawayin nan yana rage wari, sai dai ƙananan ƙwayoyin hayaƙin da yawa suna ratsa shi su wuce, kuma su ne masu shiga can cikin huhu. Mutum zai daina jin ƙamshi ya ɗauka ya tsira. Ya ce ga mai ƙaramin ƙarfi, abin da ya fi shi ne a fitar da hayaƙin waje ɗungurungum.

A nan ne ya koya mana abin da har yau muke ganin shi ne ginshiƙin aikin duka. Ya ƙyasta ashana ya riƙe nesa da bakinsa kamar kamu biyu, ya hura, ta mutu. Ya ƙyasta wata ya riƙe a wuri ɗaya, ya ce wa ƙaraminmu ya kashe ta da zuƙa. Ya zuƙa har idanunsa suka yi ja, harshen wutar ko motsi bai yi ba. Ya ce to haka fanka take. Iskar da take hurawa tana tafiya a dunƙule ta yi nisa, amma wadda take zuƙa daga kowane gefe take jawo ta, saboda haka ƙarfin zuƙar yana mutuwa nan da nan. Duk girman fanka, idan bakin zuƙar ya yi nisa da inda ake liƙi fiye da tafin hannu guda, aikin banza ne.

Da wannan karatu muka nufi tsohuwar Panteka. Wanda bai san Panteka ba bai san Kaduna ba: wuri ne da za ka shiga da zane a takarda ka fito da abin a kafaɗa. Muka sami wani mai aikin gwangwani, muka kwatanta masa, ya yanka mana fallen kwano ya naɗa mazurari mai faɗin baki kamar na masu awon manja, ya kuma ƙera akwati ɗan daidai da fanka. Muka sayi tiyo mai lanƙwasa da bututun roba na masu aikin famfo mai inci 4. Fanka kuwa biyu muka haɗa, ɗaya bayan ɗaya, domin guda ɗaya ba ta da ƙarfin tura iska cikin dogon bututu. Muka jona su da batirin tsohon injin UPS da cajarsa, yadda ko an ɗauke wuta za su ci gaba da juyawa. A bakin mazurarin muka sa raga don kada ta haɗiye mana kayan mutane, bayan ragar kuma soson gawayin, wanda muka samo wurin masu sayar da kayan kifin ado, don ya tare maiƙo kada ya kashe fankokin.

Sauran aiki shi ne huda bango, kuma nan ne muka fi shan wahala, domin mai shagon ya ce ko ƙusa ba a buga masa ba sai da izini, balle rami. Muka yi zarya uku gidansa. A ta ƙarshe muka tafi da yaron da abin shaƙarsa a aljihu. Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗan wa ye?" Muka ce ɗan yayarmu ne. Ya ce, "Ku huda, amma ranar da za ku tashi ku toshe mini da siminti." Da farko mun fitar da bututun daidai tsayin teburi, sai muka ga a kan mai ƙosan da ke zama bayan shagon yake busawa, ita da jikokinta. Dole muka ƙara gwiwa muka ɗaga shi sama da rufi, muka sa masa hular gwangwani saboda ruwan sama. Kowace gwiwa tana rage ƙarfin iska, don haka muka gajarta tiyon ciki, muka bi duk mahaɗa da salatif muka toshe.

Ranar gwaji muka kunna turaren tsinke muka riƙe a bakin mazurarin. Hayaƙin, maimakon ya miƙe sama, sai ya kwanta ya shige ciki kamar an kira shi. Muka ja baya kaɗan, yana shiga. Muka ƙara ja, ya fara shawagi, rabi ciki rabi waje. A daidai inda ya daina shiga muka ja layi da jan fenti a kan teburin, muka kafa doka cewa duk wani liƙi a cikin layin za a yi shi. Muka kuma bar ƙofa a buɗe ko da hunturu, domin iskar da aka fitar dole wata ta shigo ta maye gurbinta. Injin hura iska mai zafi shi ne ya ƙi jin magana, saboda yana watsa hayaƙin gefe da gefe, sai da muka kewaye wurin da kwali ta ɓangare uku.

Bayan mako uku muka kwance mazurarin don mu duba. Soson da muka sa baƙi ƙirin ya koma ruwan ƙasa, yana danƙo kamar an zuba masa narkakkiyar alewa, fukafukan fankar farko ma sun yi kauri da shi. Babbanmu ya riƙe soson a hannu ya daɗe bai ce komai ba. Na mako uku ke nan, a teburi ɗaya. Ba mu yi lissafin na shekara ashirin da huɗu da baki ba, amma kowannenmu ya yi shi a zuci. Tun daga ranar muke canza soson duk ƙarshen wata.

Ta ɓangaren dalma kuwa ba a bukaci fanka ba. Buta da sabulu muka ajiye a bakin ƙofa, aka hana ci da sha a kan teburin aiki, goro ma sai an wanke hannu. Ragowar ɗigon dalma muna share shi da jiƙaƙƙen tsumma mu tara a gwangwani mai murfi. Yaron da kansa ya ƙera mana abin riƙe zare da fanel, da 'yan maƙalai biyu da wayar kebur mai kauri a kan guntun katako, ya ce, "Kawu, ga hannu na uku, a bar haƙori ya huta."

Da za mu ce daga nan yaron ya warke, da labarin ya fi daɗi, amma ba haka aka yi ba. Yayarmu ta yarda ya dawo bayan ta zo da kanta ta ga gwajin turaren. Ya sami sauƙi ƙwarai, ya koma kwana lafiya, sai dai duk ranar da aiki ya yi yawa ƙirjin yakan motsa. Likitar ta bayyana mana cewa idan jiki ya riga ya ƙi abin, ɗan kaɗan ma yana isa ya tayar da ciwon. Saboda haka muka raba aiki: shi ya koma teburin bakin ƙofa, yana canza gilashi da batir, yana aikin manhajar waya a kwamfuta, ayon kuwa sai da larura. Mun san ransa bai so ba, domin a liƙi hannunsa ya fi kyau, ya ma fi namu. Da mun huda bangon nan tun ranar da malamin ya yi mana karatu, wataƙila da har yanzu shi ne a kan ayon. Masu gyara uku a layinmu sun zo sun auna namu sun haɗa irinsa. Wasu kuma sun leƙo sun ce ƙarar fankar ta yi yawa.

Bayan Ƙaramar Sallah ta 2019 muka shirya muka tafi gaishe da maigidanmu, muka tafi da yaron, da tsohon soson nan a ƙulle cikin leda. Mun same shi a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, ya tsufa, ya rame, amma idon nan yana nan. Bayan gaisuwa muka kwance ledar muka nuna masa, muka ba shi labari tun daga ƙaro har zuwa ashana. Ya juya soson, ya kai hanci ya sansana, ya yi murmushi ya ce, "Ƙamshin shago." Sannan ya dubi yaron ya ce, "Kai ma yana yi maka kukan kyanwa?" Yaron ya ce, "E, Baba." Ya gyaɗa kai, ya yi shiru. Mun zaci zai yi maganar shekarun da ya yi yana shan madara, sai muka ji ya ce, "Fankokin nan biyu, a jere kuka jona su ko kowace da layinta?" Muka ce kowace da layinta. Ya ce, "Madalla, da kun jera su da kowace rabin wuta za ta samu."

Kafin mu tashi ya aika cikin gida aka fito da wani tsohon rediyo da wayar lasifikarsa ta cire. Babu lantarki a garin ranar, sai aka kawo murhun gawayi, ya fito da ayon ɗinsa na jan ƙarfe daga cikin wata jaka, wanda muka sani tun muna yara. Ya tsinki busasshiyar ciyawa ya saki don ya ga inda iska ta nufa, ya ce wa yaron ya koma bayansa ya zauna, mu kuma ya ce ɗayanmu ya riƙe masa zaren.